Samaru da Sabon Gari: Yadda wasanni da kiɗa suka koma bikin rana ɗaya a makarantun gwamnati

Duk shekara, idan zangon karatu na biyu ya kankama, akwai ranar da makarantun sakandaren gwamnati na Samaru da Sabon Garin Zariya ke sauya kama. Tun da sassafe za a share fili, a ja layukan tsere da farar ƙasa ko toka, a kafa rumfunan haya, a jera kujerun roba. Ɗalibai za su fito rukuni-rukuni cikin riguna ja da kore da shuɗi da rawaya, kowane gida da tutarsa. Ranar gasar gidaje ke nan, wadda yara suka fi sani da inta-haus.

Da maci ake buɗe taro. Ganguna na tashi, ƙurar hunturu na tashi, manyan baƙi na tafi daga cikin rumfa. Daga nan sai tseren mita 100, da gudun miƙa sanda, da dogon tsalle, da gudun buhu, da jan igiya. Wanda ya faɗi a ƙarshen layi a ɗaga shi a zuba masa gulukos a tafin hannu. Kafin la'asar an raba kofuna, an ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa.

Washegari masu rumfa za su kwashe kayansu. Ƙwallo da raga su koma sito. Gangunan, idan na makaranta ne, a kulle su a ofis. Idan na haya ne, a mayar wa masu su. Yarinyar da ta ba kowa mamaki a tseren mita 200 za ta koma aji, kuma a makarantu da dama babu wanda zai sake auna gudunta sai baɗi. Yaron da ya riƙe ganga kamar da ita aka haife shi, shi ma sai baɗi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma a yawancin makarantun gwamnati na je-ka-ka-dawo, abin da ake yi wa wasanni da kiɗa ke nan: atisayen mako biyu ko uku, bikin yini ɗaya, sai shiru na wata goma sha ɗaya.

Abin da Zariya ta riga ta sani

Idan akwai garin da bai kamata a tsaya yi masa bayanin amfanin filin wasa a makaranta ba, to Zariya ce.

Kwalejin Barewa da ke unguwar Gaskiya ta samo asali ne daga Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan ta dawo Zariya a 1949. Makarantar gwamnati ce, kuma a cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa suka yi karatu.

A tsarin wannan makaranta, wasa ba abin ganin dama ba ne. An raba ɗalibai gida-gida, irin su gidan Ɗan Hausa da Nagwamatse da Bello Kagara da Sulaiman Barau, kuma gasa tsakanin gidajen tana gudana a tsawon shekara. Da yamma ta yi, fili ake nufa.

Tun zamanin Katsina aka san ɗaliban makarantar da ƙwallon bango da ake kira fayif, wadda ake bugawa da tafin hannu a tsakanin bango uku. Daga makarantar Eton ta Ingila wasan ya zo Arewa a shekarun 1920. Sardauna ya riƙe shi har bayan ya zama Firimiya, kuma har yau akwai gasar fayif da ake kira Kofin Sardauna. Shi kuwa Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, a Barewa an san shi da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da gudun dogon zango da damben zamani, kafin ya shiga soja.

Ba wanda zai ce fayif ce ta mayar da Sardauna Firimiya. Amma waɗanda suka tsara makarantar sun ɗauka cewa akwai darussan da allo ba ya koyarwa: yadda ake jagorantar tsara, yadda ake bin doka ko da alƙalin wasa ya yi kuskure, yadda ake shan kaye a miƙa wa abokin karawa hannu.

Sai dai a nan dole a faɗi gaskiya. Barewa ta wancan lokaci makarantar kwana ce ta zaɓaɓɓun yara maza ƙalilan da aka tsamo daga lardunan Arewa. Abin da aka iya yi wa 'yan ɗaruruwa ba zai kwafu kai tsaye a makarantar da ke ɗauke da dubbai ba. Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin wancan tsari za a iya ceto wa ɗan mai facin taya a Muciya da 'yar mai sayar da kayan miya a kasuwar Samaru?

Yaron da ya sami koci

Misali na biyu ya fi kusa da zamaninmu. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi. Kamar sauran yaran gari, da ƙwallon ƙafa ya fara. Yana kimanin shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, inda ya haɗu da Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ake kira OBJ, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a filin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Daga nan Masai ya tafi karatu da wasa Amurka. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin gasar NBA, sannan a 2019 ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta yana shugabanta. Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda a 2021 ta yi alƙawarin gina filayen ƙwallon kwando 100 a faɗin Afirka.

Abin lura a labarinsa shi ne, ba a matsayin ɗan wasa ya fi yin suna ba. A matsayin mai tsarawa da shugabanci duniya ta san shi. Kuma abubuwan da suka ɗora shi a kan hanya ba su da yawa: fili a buɗe, ƙwallo, da babban mutum guda da ke zuwa kullum.

Wannan fili yana nan a Samaru. Jami'ar da aka buɗe a 1962 tana da filayen ƙwallon ƙafa da na kwando da na tsere, da sashen da ke horar da malaman motsa jiki da kiwon lafiya. Tsakanin ƙofar jami'ar da wasu makarantun gwamnati na Samaru tafiyar ƙafa ce. Amma ga yara da yawa, katangar jami'a iyakar wata duniya ce. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ina aka kwana?

Ba rana ɗaya wasanni suka fice daga makarantun gwamnati ba, kuma ba mutum ɗaya ya kore su ba.

Na farko shi ne yawa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da na ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1999, sun buɗe ƙofar makaranta ga miliyoyin yaran da a da ba sa shiga. Wannan alheri ne. Amma gine-gine da malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda Samaru ke cikinta, wuri ne da jama'a ke kwararowa tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarnin da ya wuce, sannan cibiyar binciken aikin gona da jami'a da barikin soja da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suka ƙara jawo mutane. Inda ɗalibai suka yi wa azuzuwa yawa, sai a raba su 'yan safe da 'yan rana. Da zarar an yi haka, lokacin wasan yamma ya tafi, domin a sa'ar da ya kamata a fita fili, rukuni na biyu ne ke zaune a aji.

Na biyu shi ne filin kansa. Idan aka sami kuɗin gina sababbin azuzuwa, wurin da ido ke fara kaiwa shi ne filin ƙwallo, tunda shi ne sarari. Inda babu katanga kuma, fili kan zama hanyar masu babur, ko makiyayar awaki, ko wurin zubar da shara, wani lokaci ma maƙwabta su riƙa ɗan matsowa da gini.

Na uku shi ne manhaja. A gyaran da aka yi wa manhajar ilimin matakin farko, wanda ya fara aiki a 2014, an rage yawan darussa ta hanyar haɗe su. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya ya shiga ƙarƙashin kimiyya da fasaha, kiɗa kuma yana cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira tare da zane da wasan kwaikwayo. A babbar sakandare, duka biyun na zaɓi ne a jarrabawar WAEC da NECO. Sakamakon haka, motsa jiki ya zama abin da ake rubutawa a allo. Yaro zai haddace tsawo da faɗin filin ƙwallon raga, ya ci jarrabawa a kai, bai taɓa tsayawa a cikinsa ba.

Na huɗu shi ne lokaci. Annobar korona ta rufe makarantu na watanni a 2020. A 2021 sace-sacen ɗalibai a Jihar Kaduna suka sa aka sake rufe makarantu da jinkirta komawa, iyaye kuma suka ƙara ɗari-ɗari da barin yaro a waje bayan an tashi. A farkon 2022 makarantun gwamnatin jihar suka koma karatun kwana huɗu a mako, aka matse darussan kwana biyar a ciki. Duk lokacin da jadawali ya matse, an san darasin da ake fara sadaukarwa.

A ƙarshe akwai ma'aunin da ake auna makaranta da shi. Shugaban makaranta ya san za a tambaye shi yara nawa suka ci Turanci da lissafi. Da wuya a tambaye shi yara nawa suka taka fili a wannan zangon.

Kiɗa: darasin da ba shi da mai shi

Idan wasanni sun sami yini ɗaya a shekara, kiɗa ko wannan bai samu ba sai a matsayin ɗan rakiya. Ana tuna shi ranar maci, da ranar al'adu, da ranar yaye ɗalibai.

Matsalarsa ta fi ta ƙwallo zurfi, domin ta haɗa da yadda al'umma ke kallonsa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an daɗe ana haɗa shi da roƙo. Bahaushe zai yi wa makaɗi kyautar riga da doki, amma ya yi jinkirin ba shi 'yarsa. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya yi rubutu a kan wannan matsayi na maroƙa tun 1957. Sannan ga saɓanin malaman addini game da halaccin kayan kiɗa, wanda iyaye da yawa ke ɗauka da muhimmanci. Shugaban makarantar da ya ce zai sayo ganguna ya san akwai tambayoyin da zai amsa a taron iyaye da malamai.

Ga kuma ƙarancin malamai. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen nazarin kiɗa tun farkon shekarun 1960, kuma har yanzu irin waɗannan sassa sun fi yawa a kudancin ƙasar. A makarantu da dama na Arewa, malamin zane ko duk wanda jadawalinsa ke da sarari shi ake miƙa wa darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. Zai koyar da abin da ya sani, ya karanta wa yara sauran daga littafi. Sai ka ga ɗalibi ya zana hoton kalangu a takardar jarrabawa, alhali bai taɓa rataya shi ba.

Abin mamakin shi ne, a wannan gari ne ilimin boko ya fi karrama kiɗa da waƙar Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Ita ce kuma ta karrama Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya mai waƙoƙin Imfiraji. A harabarta ta Samaru akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da jar ƙasa bisa salon ginin Hausa a shekarun 1970. Littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971, wanda ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da ma'anoninsu, daga binciken Zariya da Katsina aka haɗa shi. A fadar Zazzau kuwa, tambari da kakaki da algaita suna nan da ransu, duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ji su.

Wato jami'a na nazarin abin, fada na riƙe da shi, amma makarantar sakandaren da ke tsakaninsu ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Inda yara ke koyo

Rashin darasin kiɗa a makaranta bai hana yaran Samaru da Sabon Gari koyo ba. Wurin koyon ne ya sauya.

A majami'un Sabon Gari da Samaru da Wusasa, yara na koyon rera waƙa da murya huɗu a ƙungiyar mawaƙa, suna koyon fiyano da jita da ganga, 'yan birged kuma na koyon bigila da maci. A makarantun Islamiyya, yara na rera waƙoƙin koyon tauhidi da fiƙihu da tarihin Annabi (SAW), suna koyon sarrafa murya da numfashi a tajwidi, a wasu wuraren kuma ana buga mandiri. A barikin Chindit, inda cibiyar horar da ƙananan sojoji take tun 1924, badujala abin yau da kullum ce, kuma a nan ne makarantar sakandaren soja da aka kafa a 1954 take, inda fareti da motsa jiki ke cikin tsarin kowace rana. Sannan ga ƙananan situdiyo a lunguna, inda matashi zai biya kuɗi a haɗa masa kiɗa a kwamfuta, ya ɗora a TikTok kafin dare.

Haka abin yake a ƙwallo. Kowace unguwa na da kulob ɗinta da kocin sa-kai, ana buga gasa a filayen makarantun firamare da yamma.

To, me ya rage wa makaranta? Abu biyu.

Na farko, duk waɗannan wurare kowa da nasa ne. Ɗan coci na koyo a coci, ɗan Islamiyya a Islamiyya, ɗan bariki a bariki. Makarantar gwamnati ce kusan wuri ɗaya tilo da ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da ɗan Bajju da ɗan Nupe ke sa riga iri ɗaya. A yankin da ya ɗanɗana rikicin addini, kamar na 1987 da ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, ba ƙaramin abu ba ne a ce yaro ya miƙa wa wanda ba addininsu ɗaya ba sanda a tsere, suna neman kofi ɗaya.

Na biyu, a waje babu mai haɗa wasa da karatu. Kocin unguwa ba ya duba sakamakon jarrabawa. Mai situdiyo ba ya tambayar ko an yi aikin gida. Makaranta ce kaɗai ke iya cewa: idan ba ka zo aji ba, ba za ka buga ranar Alhamis ba. Malamai da dama sun san cewa akwai yaran da wannan sharaɗi kaɗai ke iya zaunar da su a aji.

'Yan mata fa?

Duk abin da aka faɗa a sama ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata. Yaro namiji idan makaranta ba ta ba shi fili ba, zai samu a unguwa. Yarinya kuwa, da an tashi gida za ta nufa, ga aikin gida, ga Islamiyya, wata ma ga talla. Wasannin da iyayenta mata suka yi a dandali, irin su gaɗa da carafke, sun ja baya a birane. Idan ba a makaranta ta yi gudu da tsalle ba, to da wuya ta yi a wani wuri.

Damuwar iyaye a nan sananniya ce: sutura da cuɗanya da maza. Kuma tana da mafita. Makarantun 'yan mata zalla, irin waɗanda ke Samaru da Dogon Bauchi, wurare ne da za a iya yin wasa cikin katanga ƙarƙashin malamai mata. Dokokin duniya ma sun sauya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA ta amince da sanya hijabi a wasa tun 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. A gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta.

Ƙungiyar ƙwallon kwandon matan Najeriya ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Babu dalilin da zai hana a ce wata daga cikin masu gadonsu tana zaune yanzu a aji biyu na ƙaramar sakandare a Sabon Gari. Sai dai in ba a miƙa mata ƙwallo ba, ita kanta ba za ta sani ba.

Ba don kofi kaɗai ba

Wani zai ce: makarantar da rufinta ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, ita za a yi wa maganar ganga da ƙwallo? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda ke cewa a bar gyaran aji a sayi bigila. Amma lissafin yana da ɗaya gefen.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara masu shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Wani bincike da ta jagoranta, wanda aka fitar a 2019, ya nuna cewa kusan kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan makaranta a duniya ba sa cika wannan ma'auni, kuma 'yan mata sun fi maza rashin cikawa.

Sannan akwai batun sa'o'in da ke tsakanin tashi daga makaranta da magariba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken na 2018. Ƙwallo ba maganin shaye-shaye ba ce. Amma matashin da ke da atisaye ƙarfe huɗu, da kocin da zai lura idan bai zo ba, ya fi wanda ba mai jiransa ko'ina samun abin riƙewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu hali sun riga sun gane wannan. Shi ya sa makarantun kuɗi ke tallata filin wasa da ɗakin kiɗa a allunansu. Ɗan talaka kuwa, abin da makarantar gwamnati ba ta ba shi ba, ba shi da inda zai saya.

Abin da ba ya buƙatar biliyoyi

Arewa ta riga ta nuna ta iya shirya gasa mai tsari. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, tana da matakai daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, maza da mata, kowace shekara. Yaro ya san idan ya yi ƙoƙari akwai mataki na gaba, don haka yake tilawa duk shekara. Irin wannan tsani ne wasannin makarantu suka rasa. Wanda ya ci inta-haus ya kamata ya san zai kara da na Bomo da na Basawa da na Cikaji, daga nan shiyya, daga nan jiha.

Jamaika, wadda yawan jama'arta bai kai miliyan uku ba, wato bai kai rabin na Jihar Kaduna ba, da irin wannan tsani ta mamaye tseren duniya. Gasar makarantun sakandarenta ta faro tun 1910, kuma ta cikinta Usain Bolt ya biyo. A nan gida ma, Hakeem Olajuwon yana ɗalibin sakandare a Legas ya fara taɓa ƙwallon kwando, bayan ya yi ƙwallon ƙafa da ta hannu.

Akwai matakan da ba su fi ƙarfin Samaru da Sabon Gari ba.

Ana iya ware sa'o'i biyu a mako a jadawali, a hana kowane malami aron su don cike gurbin wani darasi. Ana iya shata filin kowace makaranta a rubuce, a hana gini a kansa. Ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi da ke zuwa koyon aikin koyarwa, da masu yi wa ƙasa hidima, ana iya ɗora masu horar da ƙungiya guda a tsawon zamansu. Jami'a na iya buɗe filayenta ga makarantun maƙwabta ko da sau ɗaya a mako, bisa yarjejeniya da ma'aikatar ilimi.

Ba kowane wasa ne ke cin kuɗi ba. Langa ba ta buƙatar komai sai ƙasa da ƙafa, kuma tana cikin wasannin gargajiya da ake karawa a bikin wasanni na ƙasa, tare da kokawa da dambe. A Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta ƙasa da aka faro a 1975 ta zama wasan da ya fi kowanne tara jama'a.

A ɓangaren kiɗa, ana iya farawa daga inda babu gardama: rera waƙoƙin Hausa rubutattu masu koyar da tarbiyya, waɗanda dama suna cikin darasin Hausa, da badujalar makaranta don taron safe da maci. Tsofaffin sojojin badujala da suka yi ritaya suna zaune a unguwannin da ke kewaye da bariki. Makaɗan gargajiya suna nan cikin birni. Gayyatar ɗaya daga cikinsu ya nuna wa aji yadda ake ɗaure kalangu, da yadda ganga ke kwaikwayon karin harshen Hausa, darasi ne na kiɗa da harshe da tarihi a zama ɗaya. Iyayen da ba su amince ba kuma a mutunta ra'ayinsu, a bar shi na zaɓi.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ma suna da rawar takawa. Da yawa suna gyara azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, abin a yaba. Kuɗin alawus ɗin koci guda na shekara bai kai na rumfuna da abincin manyan baƙi na wasu bukukuwan ba.

Zangon karatu na biyu zai sake zagayowa. Za a sake jan layi da farar ƙasa, a sake kafa rumfa, wata yarinya ta sake tsere wa tsararrakinta da tazarar da za ta sa malamai miƙewa tsaye. Abin da zai nuna ko an sami sauyi shi ne ranar Litinin da ke biye: ko akwai malamin da zai kira sunanta, ya ce ta zo fili ƙarfe huɗu.